Amaryar da Ta Mutu Tana Jira

Jan-baki ya rufe kumatun gunkin Clorinda. 'Yan matan birnin Valparaíso kan sumbace shi, su cusa wasiƙa ta tsagar ƙofar ɗakin kabarinta, suna roƙon miji mai amana. Shekara goma sha ɗaya Nicanor yana cin abinci da wannan kabari. Yau kuwa matar ofishin yawon buɗe ido tana cikin baƙin da yake zagayawa da su, biro a hannu, ita za ta ce a sabunta masa lasisi ko a ƙwace.

Ya gyara murya. Clorinda, in ji shi, ta tsaya bakin teku cikin farar riga tana jiran angonta, har baƙin ciki ya kashe ta a 1961.

"Shuɗiya ce," in ji wata tsohuwa daga baya.

Ba ta cikin baƙinsa. Tana dogara sanda, ga tef ɗin awon tela a wuyanta tare da wani mabuɗi mai tsatsa.

"Kaka, rana ta taɓa ki. Ga benci can."

Baƙi suka yi dariya. Ya ci gaba: angon jarumin matuƙin jirgin ruwa ne.

"Albasa yake sayarwa. Ga warin baki."

Matar ofis ta rubuta wani abu. Nicanor ya ƙara wa labarin gishiri: uban yarinyar da hannunsa ya rufe akwatin, bai bar kowa ya ga gawar ba.

"Wannan kam ka faɗi gaskiya."

Ta ratsa mutane, ta zura mabuɗin. Ƙofar da Nicanor ya sha rantsuwa ba ta buɗuwa ta buɗe, wasiƙu suka zubo mata har idon sawu. Ta auna tsawon akwatin, ta zungure ruɓaɓɓen murfin da sanda. Buhunan yashi uku ne kwance a ciki.

"Daidai nauyina, Baba ba ya kuskuren awo," ta ce. "Ni da wani mai busa ƙaho muka gudu birnin Mendoza, bayansa ma na yi aure biyu. Likita ya ce ba zan wuce Disamba ba. Ka roƙi baiwar Allahn nan mai biro ta yi maka haƙuri zuwa lokacin, ɗana, daga nan labarinka zai sami gawa."