Ƙullin Kalgo

Ni na fara gane leda tana ruɓar da nama, tun Birnin Kebbi tana cikin jihar Sakkwato, kuma ban yi boko ba. Mutanen Birnin Kebbi suka bar teburina, suka koma wa mahaucin da ke kusa da ni, wai ledarshi ta fi tsabta. Na tsaya kan ƙunshe nama a ganyen kalgo, da irin ƙullina.

Bazara ta zo. Namanshi da aka kai Argungu cikin leda ya isa yana wari, aka zubar. Na gyara zama ina jiran su dawo.

Ba su dawo ba. Shi ya koma kalgo, ana ta ce mishi mai basira. Ashe matata ta koya wa matarshi ƙullin.

"Maigida, ai ba ka ce in ɓoye ba," in ji ta.

Mai musu ya je ya duba ƙullin mutumen. In ba nawa ba ne, in aje wuƙa.