Wadda Aka Tsinta a Ciyawa

Tun da matarsa ta shigo da ita nannaɗe a zane, Maharbi ya san an yi ɓarna. Wajen itace ta tsince ta, kwance a gindin wata bishiya cikin doguwar ciyawa, ba kuka ba motsi, sai manyan idanu. Matar da ta yi shekara da shekaru tana neman haihuwa, wa zai ce mata ta wuce ta bar ta?

Ta ɗumama madara ta ɗiga mata da cokali, ta furzar. Ta jiƙa tsumma ta sa mata a baki, ta kau da kai. Kafin rana ta karkata wuyanta ya fara langaɓewa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce wannan da wuya ta kai gobe, ta ƙara da cewa wasu uwayen dai ba su da imani.

"Ba yar da ita aka yi ba," in ji Maharbi. "Ajiye ta aka yi. Uwar za ta dawo nemanta."

Matar ta ƙanƙame ta tana hawaye. "Maigida, ka bar min ita. Ni ma zan iya."

Tausayin matarsa ya kama shi, amma ya san in ta kwana a ɗakin nan gawa za su wayi gari da ita. Ya karɓe ta ya fita da gudu. Bindigarsa ko kallo ba ta samu ba. A irin wannan lokaci na shekara a bango take zama, har abokan farauta suna masa ba'a wai ya mayar da ita maratayin hula.

Ya isa bishiyar yana haki. Ya kwance zanen, ya murza ɗanyar ciyawa ya goge mata jiki, ya shimfiɗe ta daidai inda aka ɗauke ta. Sannan ya laɓe bayan suri, ta inda iska ba za ta kai warinsa ba.

Shiru. Inuwa ta yi tsawo, dila ya yi kuka daga nesa. In uwar ta riga ta zo ta fid da rai fa? Ya shiga addu'a.

Can ciyawa ta motsa. Barewa ta fito tana sunsunar ƙasa, 'yar tata kuwa ta miƙe tana tangaɗi a kan ƙafafu huɗu, ta kama nono.