Yankan da ke ƙarƙashin zobe

Auta ya turo babur ɗin har cikin rumfar bakanike, fetur na ɗiga a bayansa tun daga bakin layi. Ƙaramin babur ne mai rufin roba, tsohon hannu, jiya ya saye shi don wannan aikin kawai. A aljihun wandonsa akwai kwalin ashana.

Kwanan nan ya dawo gida, bayan shekaru yana lodin kaya a wata ƙasa. Yana can labarin ya same shi: babur ɗin Yaya ya kama da wuta a kan titi, Yaya bai kai asibiti ba. Duk kiran da ya yi gida, Baffa, ƙanin mahaifinsu, magana ɗaya yake maimaitawa. Bakaniken nan ne. Shi ya taɓa mashin ɗin, ya bar tiyon mai a kwance, kuma ga shi yana yawonsa babu wanda ya ce masa kanzil.

Da ya dawo, ya tarar Baffa ya fasa bangon ɗakin Yaya ya buɗe shago. Umma kuwa ta koma ɗakin baya, ta rage magana. Auta ya kasa zama, ya kasa barci. Baffa ne ya tausaya masa, ya zaunar da shi, suka tsara komai. A kai wa mutumin babur mai yoyo, a bari man ya taru a ƙasan rumfa. Tsinken ashana ɗaya ya isa. Mutane za su ce sakacinsa ne ya sake jawowa.

Bakaniken ya tsufa fiye da yadda Auta ya zana shi a ransa. Shi kuwa tsohon bai san ko wane ne Auta ba.

"Samari, wannan babur ne ko buta?" in ji tsohon. "Ai ka shayar da unguwa."

Auta bai yi dariya ba. Ya jingina da turken rumfa, hannunsa a aljihu.

Abin da tsohon ya fara yi shi ne ya ja babur ɗin nesa da na'urar walda. Ya zuba yashi a kan man da ya zuba, ya tura tsohuwar roba a ƙarƙashi don ta tari man. Auta ya cije leɓe. Amma robar ma cika take yi, kuma tsummokaran da ke jibge a gefe duk sun sha baƙin mai.

Tsohon ya kwance rufin roba, ya goge tanki da tiyo da kafireta tas. Ya daddaka alli ya barbaɗa musu, sannan ya tsugunna yana jira. Gindin tanki ya zauna fari. Kafireta ma haka. Ya shafa tiyon daga sama har ƙasa, babu tsagewa, robar da sauran ƙwarinta.

"To fa. Ɓarawon nan ya iya ɓuya."

Ya tada injin. Babur ya fara karkarwa, sai allin da ke bakin tiyo, daidai zoben ƙarfen da ke ɗaure shi, ya yi duhu. Ɗigon farko ya sauka kusa da salansa. Tsohon ya kashe injin da sauri.

Auta ya zaro tsinke ɗaya a cikin aljihu, ya riƙe shi tsakanin yatsu. Tsohon ya ba shi baya, kansa a sunkuye a kan robar fetur. Auta ya tuna Yaya yana goya shi a babur zuwa makaranta, yana ce masa ya riƙe da kyau. Ya matso taku ɗaya.

Tsohon ya sassauta zoben da filaya, ya zare tiyon, ya ɗaga shi a hasken rana. Ya daɗe yana kallo. Da ya yi magana, raha ta fita daga muryarsa.

"Ɗana, wa kake da shi a gida?"

Auta ya tsaya.

"Wannan ba tsufa ba ne, reza ce. Dubi, a karkace, a ƙarƙashin zobe inda ido ba ya kaiwa. In mashin na tsaye, ɗiga kawai yake. In ya yi zafi a kan hanya, bakin ya buɗe ya yi feshi kan salansa." Ya yanko sabon tiyo. "Duk zamana a sana'ar nan sau ɗaya na taɓa ganin irinsa. Wani yaron kirki ne. Na canza masa, na ce ya daina kwanar da mashin a gida, akwai mai neman ransa. Dariya ya yi, ya ce gidan daga tsohuwarsa sai ƙanin babansa. Ba a rufa mako ba aka ce ya ƙone."

Ya ɗaure zoben tam, ya sake barbaɗa alli, ya tada injin. Ko'ina ya zauna fari.

"Hannun da ya yi wancan yankan shi ya yi wannan, wallahi, ko a mafarki zan gane shi. Kada ka kwana inda mai wannan yankan yake."

Auta ya saki tsinken ashanar a cikin aljihu. Shi bai ma san inda tiyon mai yake a jikin babur ba. Da safen nan Baffa ne ya karɓi rezar daga hannunsa, ya zura yatsu ƙarƙashin zoben ba tare da ya duba ba, ya yanka sau ɗaya.