Ƙwaro Marar Gida

Ƙwaron farko a kan farar takardar da ke gabanta ya faɗo, yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Dakta, masaniyar ƙwari a ɗakin adana kayan tarihi na jami'a, ta ja kujera baya, ta yatsine fuska. Bai kai ƙwayar riɗi ba, amma a teburin da ake gogewa safe da yamma, wannan cin fuska ne.

Ita malam-buɗe-littafi ta karanta, don a ganinta shi kaɗai ne mai aji a cikin ƙwari. Ko hannu ta ba mutum, sai ta nemi sabulu. Ga shi kuma lokacinta ne: ƙanwarta ta dawo daga ƙasar waje da tsarabar da ta sa abokan aiki ke cewa ta koma budurwa.

Ta sa hantsaki ta ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Dangin buzuzu ne, amma bayansa ruwan ƙasa ne mai ɗigon rawaya, ƙahonninsa masu kai kamar taɓarya, cikinsa duk wani gashi-gashi mai maiƙo. Ta sosa ƙeyarta da gindin biro, ta janyo littattafai. Babu shi a ko ɗaya.

Washegari wasu suka sake bayyana a kan teburin. Ta aika hotunansu ga masana na nesa, amsa ta dawo iri ɗaya: ba wanda ya taɓa ganinsa. Sabon jinsi ne.

“Kakarki ta yanke saƙa,” in ji shugaban sashe. “Ki bayyana shi, ki raɗa masa suna, ƙarin girmanki ya tabbata. Sai dai mujalla ba za ta karɓa ba sai kin faɗi inda yake zama da abin da yake ci.”

Ta feɗe ɗaya. Ga abin da ta tarar a cikinsa: ɓurɓushin busasshiyar fata da gutsattsarin wani abu mai kama da zare. Ba fure yake ci ba, ba hatsi ba. Abin da jiki ya zubar yake ci. Tun daga ranar, da ta tuna shi sai kanta ya ɗauki ƙaiƙayi, ta ce ƙyama ce kawai.

Ba ta sha wahalar neman mai laifi ba. A ƙarshen ɗakin akwai teburin wani tsohon farfesa, masanin tsuntsaye, wanda ya yi ritaya amma ya kasa daina zuwa. Kwat ɗaya gare shi. A kan takardunsa yake cin abinci, ya suɗe yatsa ya buɗe shafi. Bayansa akwatunan katako ne har rufi, cike da busassun tsuntsayen da ya tara tun yana saurayi, suna wari irin na tsohuwar katifa.

Ta sa aka zazzage akwatunan. Ba a ga komai ba.

“'Yata, na fi kowa tsoron ƙwaro a kayan nan,” in ji tsohon. “Duk wata sai na sa musu magani.”

“Baba, wari ba ya ƙarya,” ta ce, hankici a hancinta.

Da ta tsinci ɗaya a kan matashin kanta a gida, sai ta yi tsalle ta dire. Ta ce a jakarta ya biyo ta, ta jefa jakar a shara, ta kai ƙara wurin shugaban sashe: in ba a yi da gaske ba, ƙazantar mutum ɗaya za ta cinye duk kayan tarihin ɗakin. Aka yi taro, ita ta fi kowa murya.

A bayan ginin aka tara akwatunan, aka zuba kananzir. Ƙaurin gashin tsuntsu ya cika harabar. Tsohon ya tsaya har wutar ta mutu, hannayensa a aljihun kwat. Bai sake zuwa ba.

Dakta ta zauna rubutu. A wurin mazauni ta sa: tsofaffin fatun tsuntsaye. Ta auna ƙafafu, ta zana ƙahonni, ta siffanta tsutsarsa mai gashi tsaitsaye. Aiki ya sha mata kai har ta daina samun lokacin kanta. Ƙwarin dai ba su daina faɗowa ba, musamman in ta sunkuya kan madubi. Ta ce ragowa ne, za su ƙare.

Mujalla ta karɓa. Aka sa ranar da za ta gabatar da binciken gaban manyan baƙi da 'yan jarida.

Ana jibi taron ta samu sukuni ta je shagon gyaran gashi. Ta goge kujerar da hankici kafin ta zauna.

“Anti, kin daɗe ba ki leƙo ba,” in ji mai shagon. “Wannan gashin kantin ai ya kamata a ce an cire shi tuntuni.”

“Ki bi a hankali, na mutum ne na gaske. Daga waje aka kawo mini.”

Mai shagon ta sa almakashi ta tsinke zaren ɗinkin, ta ɗaga gashin daga kan kitson da ke ƙasa. Sai ta saki almakashin, ta toshe baki, ta ja da baya har ta ture kwalaben mai.

Dakta ta ɗaga ido ta kalli madubi. A tsakanin layukan kitsonta, tsutsotsi masu gashi tsaitsaye suna ta mutsu-mutsu, iyayensu masu ɗigon rawaya suna gangarowa goshinta.