Sili Ɗaya Ko Sili Da Yawa

Naushi ɗaya ɗan mahaucin ƙauyenmu ya kai, haƙoran ɗan damben Dawakin Tofa guda uku suka zube a ƙasa, jini ya biyo su.

Da safiyar ranar ɗan mahaucin ya je shagon yayansa tela a Tsanyawa, neman zaren roban nan na bakin hijabi, wanda ke mannewa idan ya ji zafin guga.

"Ɗauki mai sili ɗaya," in ji telan. "Yana miƙewa, yana saki. Mai sili da yawa in ya kama, to ya kama."

"Yaya, hijabi ka ga zan saka?"

Ya naɗe dunƙulen hannunsa da mai sili da yawa, ya gasa a wutar tsiren babansa har ya koma dutse.

Bayan damben, an yi ta yawo da shi a kafaɗa har la'asar sakaliya kafin a tuna da kwancewa. Yatsun sun yi baƙi. Baban ya sa wuƙar fawa, ya feɗe zaren tare da fatar da ya kama.

Yanzu da hagu yake cin tuwo. Dunƙulen kuwa, kamar yadda ya nema, bai sake kwancewa ba.