Turmin Inna

"Badariyya, gaskiya ɗaya ce, babinki bai ba ni tsoro ba," in ji Idrisa. Yatsansa na kan waya, yana naɗar saƙon murya zuwa gurup ɗinsu na marubutan Matameye.

Labari ɗaya suke haɗawa, kowa da babinsa, a kan wani turmi mai daka da kansa, wanda duk gidan da aka ji dakansa sai an yi makoki. Idrisa bai rubuta ko layi ba. Tun da jarrabawar gama sakandare, wato bak, ta kayar da shi ya naɗa kansa mai gyara, babin da ya kushe kuwa cire shi ake yi.

"Hausarki ta yi daɗi, ban hana ki ba. Amma turmi? Ko yaron goye ba zai razana ba. Shawarata a cire, ki sake..."

"Kai Idi!" Muryar innarsa ta ratso daga tsakar gida. "Yaushe za ka maido mini turmina daga gidan Hajiya Mariyama? Ƙato da kai, ka karanta tatsuniya a waya ka ce ba ka kwana gida ɗaya da turmi! Da me zan daka fura?"

Idrisa ya zabura, yatsa ya saki, saƙo ya tafi. Kafin ya lalubo wurin gogewa kowa ya saurara.

Badariyya ce ta fara amsawa: "Na gode da gyara, Malam Idrisa. Babi ya zauna. Na gaba a kan taɓarya ne, ka fara nema mata wurin kwana."