Akwatin Malam Olu

Waƙoƙin niƙan da Liatu ta sani sun ƙare tun makon jiya, amma ta kasa faɗa wa Malam Olu.

Daga Ibadan aka turo shi, ana gab da samun 'yancin kai, ya binciki waƙoƙin da 'yan boko suka daina koyo. Kowace Alhamis yakan zo gidanta a unguwar Gwallaga ta Bauchi, ya ajiye akwatin ɗaukar murya a kan tabarma. Tun da 'ya'yanta suka gama makaranta suka tafi Kaduna, ba mai leƙo ta sai shi.

Yau ta ɗauko wata waƙa da ta taɓa rera masa. Ba ta kai rabi ba ta tsaya.

"Ɗana, kashe akwatin nan. Ba ni da saura. Ba sai ka sake wahalar zuwa ba."

Olu ya dafa akwatin.

"Mama, tun damina akwatin ya lalace," ya ce. "Binciken ma na riga na gama. Duk faɗin Bauchi, ke kaɗai kike tambayata ko na ci abinci."

Liatu ta miƙe, ta ɗora tukunya.